Ramin Haƙo da Jujinsa: Wanda Ya Buɗe, Shi Zai Rufe

Yau filinmu na lafiya da noma zai yi bayani a kan abubuwa biyu da mai haƙar ma'adini yake bari a bayansa in ya tashi, watau rami da juji.

Ran Lahadi 7 ga watan Nuwamba 2021, ramukan haƙar zinariya suka rufta a Garin Liman, ƙasar Ɗan Isa, cikin gundumar Madarumfa. Aƙalla mutum 18 suka rasu, wasu 7 suka ji rauni. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Watanni kaɗan kafin wannan rana aka gano zinariya a yankin, dubban mutane suka kwararo daga sassan Nijar da Najeriya, kowa da digarsa da sheburinsa da igiyarsa. Bayan hatsarin, hukuma ta ba da umurni a rufe wurin.

To, rufe wuri a kan takarda aikin rana ɗaya ne. Rufe rami da dutse da ƙasa kuwa aiki ne mai cin kuɗi da ƙarfi, kuma sau da yawa ba a samun mai yin sa. Zinariya takan ƙare, masu haƙa su watse, amma rami yana nan da bakinsa buɗe, tulin ƙasa yana nan a gefensa, har ɗan da ba a haifa ba ya girma ya tarar da su. Ƙasashen da suka daɗe suna haƙar gawayin ƙasa sun riga mu shan wannan wahala, sun yi asarar rayuka masu yawa kafin su kafa doka. Saboda haka za mu duba abin da ya same su da dokar da suka yi, sa'an nan mu auna da namu ramukan. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mene ne gawayin ƙasa?

Gawayin ƙasa, wanda a Najeriya ake kira kwal, baƙin dutse ne mai cin wuta. Asalinsa itatuwa ne da ciyayin fadama waɗanda ƙasa ta binne tun shekaru miliyoyi da suka wuce, nauyi da zafi suka mai da su dutse. Ana haƙarsa ta hanya biyu. In yana kusa da sama, sai a kware ƙasar da ta rufe shi da manyan motoci, a bar wawakeken rami a buɗe. In yana da zurfi, sai a gina rijiya ko a huda gefen tsauni, a bi shi da hanyoyi ta ƙarƙashin ƙasa kamar gidan gara.

A nan Nijar ana haƙarsa a Anu Araren, kusa da Cirozerin, cikin jahar Agadas. Kamfanin SONICHAR, wanda aka kafa a 1975, shi ne yake aikin, ta hanyar kware ƙasa. Tun farkon shekarun 1980 ake ƙona gawayin a tashar lantarki da ke wurin domin ba Agadas da Arlit wuta. Akwai kuma gawayi a Salkadamna, jahar Tawa, inda aka daɗe ana shirin kafa wata tashar. A Najeriya an gano shi a yankin Inugu a 1909, jiragen ƙasa suka yi shekaru suna tafiya da shi.

A jahar Maraɗi ba mu da mahaƙar gawayi. Amma muna da ramukan zinariya, da na yashi, da na burji, da kududdufan da ake ɗibar ƙasar gini. Ko me aka ciro daga cikin rami, illarsa ga yaro da dabba da rijiya kusan ɗaya ce.

Jujin mahaƙa da illolinsa huɗu

Kafin a kai ga gawayi ko zinariya, sai an ciro ƙasa da duwatsu waɗanda suka ninka abin da ake nema sau da yawa. Bayan an ciro ma'adinin, sai a niƙa shi ko a wanke shi, laka da tsakuwa su rage. In an ƙona gawayi a tashar lantarki, toka ta rage. Duk wannan shi muke kira jujin mahaƙa. Kada a haɗa shi da jujin unguwa wanda manomi yake kwasa da amalanke ya kai gona. Na unguwa taki ne, na mahaƙa kuwa yana iya kashe gona ɗungum. Manyan illolinsa huɗu ne.

Ta farko, zaftarewa. A ƙauyen Abafan, yankin Wels na ƙasar Birtaniya, an yi shekaru ana tara jujin gawayi a kan tudun da ke bisa gari, har aka zuba wani tuli a kan idon ruwa. Mutanen gari sun sha kai kuka, ba a saurare su ba. Ran 21 ga Oktoba 1966 da safe, bayan an yi kwanaki ana ruwa, tulin ya jiƙe ya zama kamar kunu, ya gangaro ya rufe makarantar yara da gidajen da ke kusa da ita. Mutum 144 suka mutu, 116 daga cikinsu yara ne. A 1972 kuma, a kwarin Bafalo Kirik na ƙasar Amurka, wata madatsa da aka gina da jujin gawayi domin tare baƙin ruwan wanki ta fashe, ta kashe mutum 125, ta bar wajen mutum 4,000 ba matsuguni.

Ta biyu, wuta. Ragowar gawayin da ke cikin juji, in iska tana ratsa shi, yakan yi zafi da kansa har ya kama wuta. Manomi ya san yadda tulin ɗanyar harawa yake yin zafi a ciki in an danƙare ta ba ta bushe ba. Irin wannan wuta tana ci a hankali, shekara da shekaru, hayaƙinta yana da warin farar wuta, yana jawo tari da shaƙewar ƙirji.

Ta uku, ruwa mai tsami. A cikin gawayi da dutsen zinariya akan sami wani dutse mai ƙyalli, haɗin ƙarfe da farar wuta. Muddin yana binne, ba ya ɓarna. In an fito da shi ya haɗu da iska da ruwa, sai ya haifar da ruwa mai tsami, dangin ruwan batir. Wannan ruwa yana narkar da ƙarafa masu guba daga cikin duwatsu, ya kai su rafi da rijiya. Alamarsa ita ce ruwa ya koma ja ko rawaya kamar tsatsa, kifi ya ƙare, ciyawar bakin rafi ta bushe. Tsofaffin mahaƙun Inugu, ko da yake an daina aiki a cikinsu, suna tsiyayar da irin wannan ruwa cikin rafukan da ke kusa da birnin.

Ta huɗu, ƙura. Ƙurar gawayi da ta dutse in ta shiga huhu ba ta fita. Tana sa huhu ya ƙandare, numfashi ya gajarta, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Wata ƙurar ma guba ce tsantsa. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jahar Zamfara, maƙwabtanmu sun riƙa kawo dutsen zinariya cikin gida suna niƙawa, ba su san akwai dalma a ciki ba. Ƙurar ta bi tsakar gida, ta shiga abinci da hannuwan yara masu rarrafe. Yara fiye da 400 suka mutu. Kafin magani ya yi amfani, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka kai ta nesa aka binne, aka kawo sabuwa aka shimfiɗa.

Ramin da aka bari a buɗe

Juji ana ganin sa daga nesa, rami kuwa ɓoyewa yake yi. Da damina ta faɗi, ciyawa ta rufe bakinsa, sai yaro mai kiwo ko saniya ko matafiyin dare ya afka. Gefen tsohon rami kullum zagwanyewa yake yi, har wanda ya tsaya leƙe ma yana iya tafiya da ƙasar da ya taka.

Bayan faɗawa akwai mugunyar iska. Masu ginar rijiya sun san akwai rijiyar da in an zura fitila sai ta mutu, alamar babu iskar numfashi a ƙasa. Irin wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari, mutum yana sauka sai jiri ya ɗebe shi ya faɗi. A ramin gawayi akwai ƙarin wata iska mai kamawa da wuta, wadda tartsatsi ɗaya ya isa ya fasa ta. Saboda haka gwajin fitila, wanda yake da amfani a rijiya, hatsari ne a ramin gawayi.

Sa'an nan rami yana tara ruwa. Ruwan kwance gidan sauro ne, sauro kuwa shi ke kawo zazzaɓin da ke cika likita da yara kowace damina. Cikin irin wannan ruwa ake ɗaukar tsargiya, kuma cikinsa yara suke nutsewa in sun je wanka. Har wa yau, rami mai zurfi hanya ce miƙaƙƙiya daga sama zuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa. Duk ƙazantar da ta faɗa ciki ba ta samun yashi da laka su tace ta.

Wuta ma takan shiga ta bakin rami. A garin Santiraliya na Amurka, a 1962, aka cinna wa shara wuta a cikin wani tsohon ramin gawayi da ba a toshe da kyau ba. Wutar ta bi hanyoyin ƙarƙashin ƙasa ta shiga gindin gari. Aka yi ta kashe kuɗi ba ta mutu ba. Garin da yake da mutum fiye da 1,000 ya watse, ƙidayar 2020 ta sami mutum 5 kacal a ciki.

Illa ta ƙarshe ita ce rami buɗe yana kiran mutane. Duk ramin da aka ce an taɓa samun zinariya a ciki, wani zai koma da dare ya sake gwada sa'arsa, alhali ruwa ya riga ya ci gindin ramin.

Ina ruwan Maraɗi da Tibiri da Jiratawa?

Mai karatu yana iya cewa, ni ba ni haƙa, ina ruwana? Ruwanka yana cikin gulbi. Gulbin Maraɗi yana shigo mana daga Najeriya ta wajen Jibiya, ya ratsa gundumar Madarumfa, ya bi ta Jiratawa da Maraɗi da Tibiri, ya wuce Gidan Rumji, ya sake komawa Najeriya. Yankin Ɗan Isa yana kudu, ta wajen da ruwa yake fito mana. Abin da ruwan sama ya wanke a can, kwari yake nema, mu kuwa a bakin kwarin muke zaune.

A Jiratawa akwai filin noman rani fiye da hekta 500, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1980. Ruwan da ake ba shuka a can daga rijiyoyin burtsatse ake jawo shi da injin. Zogale da albasa da alkama da masarar da ake kaiwa kasuwannin Maraɗi da wannan ruwa suke girma. In guba ta shiga ruwan ƙarƙashin fadama, babu rariyar da za ta tace shi, kuma sai an yi shekaru masu yawa kafin ya gyaru.

Mutanen Tibiri ba su bukatar a faɗa musu abin da ruwa mai guba yake yi. Daga 1985 har zuwa wajen 2000, garin ya sha ruwan wata rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin fuliyor. Haƙoran yara suka dafe, ɗaruruwa ƙasusuwansu suka tanƙware. Wannan ba daga mahaƙa ya fito ba, daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa ne. Amma darasin ya shafe mu: ruwa yana iya zama garau a ido, ba wari, ba ɗaci, alhali yana cin yaro a hankali. Awo a ɗakin bincike ne kaɗai yake tona asirinsa.

Maraɗi kuma ta san ƙarfin ruwa. Ambaliyar 1945 ce ta tada tsohon gari daga cikin fadama ya hau tudu. Ruwan da ya iya tada gari ba zai gagara kwashe tulin laka da aka ajiye a bakin korama ba.

Abin da doka ta ce

Bayan masifar Abafan, Birtaniya ta yi doka a 1969 wadda ta wajabta a riƙa duba kowane tulin juji, a tabbata ba zai zame ba. Amurka ta yi tata a 1977, da sharuɗɗa biyu masu hikima. Na farko, kamfani ba zai sami izinin haƙa ba sai ya ajiye jingina wadda ta isa gyaran wurin. In ya gyara, a mayar masa. In ya gudu, hukuma ta gyara da kuɗinsa. Na biyu, an sa haraji a kan kowane tan na gawayi, da farko santi 35 ga na buɗaɗɗen rami da santi 15 ga na ƙarƙashin ƙasa, ana tara shi domin rufe tsofaffin ramukan da masu su suka ɓace. Dalilin jingina a fili yake: ranar da ma'adini ya ƙare, ranar ce aljihun mai haƙa yake bushewa. Kuɗin rufe rami tun ranar buɗe shi ake karɓa.

Nijar ma tana da dokoki. An yi dokar ma'adinai a 1993, aka gyara ta a 2006, aka yi sabuwa a 2022. Akwai dokar kare muhalli ta 1998, da ta 2018 wadda ta tsara binciken illar aiki kafin a fara shi, a ƙarƙashin ofishin da ake kira BNEE. Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe daga cikinsu:

1. Ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa dukiyar ƙasa ce, ko da a gonarka yake. Ba a haƙarsa sai da takardar izini.
2. Kafin babban aiki ya fara, sai an binciki illarsa ga ruwa da gona da lafiya, an kuma saurari mutanen wurin.
3. Mai izini shi ke da alhakin kiyaye lafiyar ma'aikata da maƙwabta, da gyara wurin in ya gama.
4. Mai gonar da aka ɓata yana da hakkin diyya.

Mun ga nauyin wannan alhaki a arewa. Mahaƙar uraniyom ta COMINAK a Akokan, kusa da Arlit, ta fara aiki a 1978, ta tsaya a ƙarshen watan Maris 2021. Ta bar juji wajen tan miliyan 20. Shirin da aka bayyana a lokacin shi ne a toshe hanyoyin shiga ramin, a lulluɓe jujin da laka da dutse mai kaurin mita 2, aikin da aka ƙiyasta zai ci wajen shekara 10. Wannan kamfani ɗaya ne, mai suna, mai ofis. Wurin haƙar zinariya na gargajiya kuwa ramuka ne barkatai, kowane da mai shi, gobe ya tafi wani wuri. A nan ne doka take bukatar idon mai gari da mai gona.

Yadda ake ajiye juji

Ga ƙa'idodin da masana suke bi. Ƙaramin mai haƙa ma yana iya bin yawancinsu.

1. A fara kwashe ƙasar sama mai albarka, a tara ta gefe guda. Ita za a mayar a ƙarshe.
2. A zaɓi wuri nesa da korama da fadama da rijiya da gidaje. Kada a zuba juji a kan idon ruwa, ko a kan gangaren da ke bisa gari.
3. A daɓe gindin wurin da laka, domin ruwan juji kada ya sauka ƙasa.
4. A zuba shi kashi-kashi, ana daddanna kowane kashi. Jujin da aka danne ba ya shan iska, ba ya kama wuta.
5. Kada tulin ya yi tsaye kamar bango. In ya tashi taki ɗaya, ya bazu taki uku.
6. A gina lambatu kewaye da shi, ruwan sama ya bi ta gefe. Wanda ya tsiyayo daga jujin a tare shi a wani rami mai daɓe, a zuba masa farar ƙasa ta kashe tsaminsa.
7. In an gama, a rufe da laka, a mayar da ƙasar sama, a shuka gamba da itatuwa irin su dogon yaro domin saiwa ta riƙe ƙasa. A shinge shi daga dabbobi, kuma kada a shuka abinci a kai.
8. A riƙa auna ruwan rijiyoyin da ke kusa, rani da damina.

Yadda ake rufe bakin rami

Tun ranar da aka daina aiki a rami, a kewaye shi da shingen ƙaya ko waya, a kafa alama wadda ko wanda bai iya karatu ba zai gane. Shinge na ɗan lokaci ne, kafin a zo ga rufewa ta gaskiya.

Ramin da ba shi da zurfi sosai cike shi ake yi. A fara tabbata babu mutum ko dabba a ciki. A zuba manyan duwatsu a gindi, sai tsakuwa, sai ƙasa, ana dannawa. Kusa da baki a sa laka mai kauri domin ruwa kada ya bi ta nan. A tula ƙasa ta yi tozo bisa bakin, gama za ta lotsa. Bayan damina ta farko a koma a duba, a ƙara inda ya zauna. Masu aikin su tsaya nesa da baki, wanda zai matsa kusa a ɗaura masa igiya a ƙugu.

Rami mai zurfi da ba ya cikuwa, murfi ake yi masa na siminti mai ƙarfe a ciki. Murfin ya fi bakin ramin faɗi sosai, ya zauna a kan ƙasa mai tauri. In ramin gawayi ne, a bar dogon bututu inda iska za ta fita. Hanyar da aka huda a gefen tsauni kuwa bango ake gina mata na dutse da siminti. Wannan aikin masana ne, sai da ma'aikatan ma'adinai.

Abubuwa biyu ne ba a yi. Ba a rufe rami da itace ko zana ko kwano a zuba ƙasa a kai. Gara za ta ci itacen, tsatsa ta ci kwanon, a wayi gari an haƙa wa jama'a tarko. Kuma ba a cika rami da sharar gari ko mushe. Shara tana ruɓewa ta lotsa, tana kama wuta, ruwanta yana sauka cikin rijiyoyi.

A ƙarshe, a rubuta. Kowane ramin da aka rufe a sa shi cikin taswira, a ajiye takardar a ofishin hukumar gari da wurin mai gari. Bayan shekara 20, wani zai zo ya sayi filin ya ce zai gina gida. Takardar nan ce za ta hana shi aza ɗaki a kan rami.

Abin da ke wuyanmu

Mai gona: kada ka ba da gonarka a haƙa da baki kawai. A rubuta a gaban mai gari da shaidu wanda zai cike ramin, da lokacin da zai cike, kuma a ajiye kuɗin cikewa tun kafin diga ta taɓa ƙasa.

Mai haƙa: kada ka kai dutsen ma'adini gida. Kada a daka shi a turmin abinci, kada a niƙa shi a injin hatsi. A jiƙa dutse kafin a fasa shi domin ƙura ta kwanta. Ka yi wanka ka sake tufa kafin ka ɗauki ɗanka. Zaiba, ruwan ƙarfen nan mai ƙyalli da ake kama zinariya da shi, guba ce ga ƙwaƙwalwa. Kada a ƙona ta cikin gida ko kusa da mai ciki, kada a zubar da ruwanta a korama.

Uwargida: in ana girki da gawayin ƙasa a gidanki, kada a hura shi a ɗaki rufe. Tokarsa ba irin tokar kara ba ce. Ba a yin ruwan toka da ita, ba a zuba ta a lambu. In yaro yana amai da ciwon ciki da kasala ko taune-taune, kuma akwai mai aikin zinariya a gidan, a kai shi likita nan da nan, a faɗa wa ma'aikacin lafiya irin aikin da ake yi a gidan.

Makiyayi: kada ka shayar da dabba ruwan ramin haƙo, balle wanda ya yi ja ko kore.

Jama'ar gari: ku zaga ku ƙirga ramuka da kududdufan da ke ƙasarku kafin damina. Ƙanana ku cike su da aikin gayya. Manya ku kai rahotonsu ga mai gari da hukumar gari da ma'aikatan muhalli da na ma'adinai, a rubuce, ku riƙe kwafi. In wani ya faɗa rami, kada kowa ya bi shi haka nan, gama sau da yawa mai ceto shi ne gawa ta biyu. A kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, a nemo masu ginar rijiya da igiya mai ƙarfi.

Malamin yaƙi da jahilci: karanta wa ɗalibanka wannan shafi, sa'an nan ka tambaye su ramuka nawa suka sani tsakanin gari da gonakinsu, kuma wa ya gina su.

Arzikin ƙarƙashin ƙasa baiwa ce daga Allah, ba mu ce kada a nema ba. Amma zinariya sau ɗaya ake cirar ta, gona kuwa kowace shekara take ciyar da gida, rijiya kuma kowace safiya ake zuwa gare ta. Wanda ya buɗe rami shi zai rufe shi, kuma tun yana da kuɗi a hannu za a riƙe shi da wannan alkawari. Allah ya kiyaye mu da ƴaƴanmu da dabbobinmu, ya ba mu damina mai albarka. Sai fitowa ta gaba.